Mugun Dawa a Tutar Jamusawa

Ku samarin da kuke taruwa a bakin shagonmu ran Juma'a bayan an sauko, kuna kurɓar shayin karak kuna cewa ɗinki ya zama wasan yara tunda kwamfuta ta shigo, da ku nake. Kwanan baya wani a cikinku ya dube ni ya ce in aka ba shi keken monogiram, mai yin aikin ado da kwamfuta, kafin wata ya mutu zai kore ni daga unguwar nan tamu ta Asian Town a Doha. Na yi dariya har allurar da ke bakina ta faɗi ƙasa. Keken nan da kuke yabo ba ya tambayar mai kaya komai, abin da aka zuba masa shi yake amayarwa. To ku gyara zama in ba ku labarin aiki ɗaya da na yi lokacin gasar cin kofin duniya, sannan ku faɗa mini wane maɓalli za ku danna ya fito.

Aikin farko da na yi a duniya wuyan wata 'yar shara ce, a shagon maigidana Malam Tanimu a cikin birnin Zariya. Daga ƙauyenmu na bakin dajin Falgore aka kai ni wurinsa, hannuna duk kanta saboda fartanya. Na gama wuyan nan ina ji da kaina, na miƙa masa. Ko kallon gaban bai yi ba. Ya juya rigar ciki waje, ya bi bayan ɗinkin da ɗan yatsa, ya sami ƙulli ya sami zare yana reto, sai ya miƙo mini reza ya ce in farke. Ya ce mai riga gaba zai kalla, amma duk telan da rigar ta faɗa hannunsa baya zai fara dubawa, kuma shi ba zai yarda a zage shi a garin da bai taɓa zuwa ba. Haka na yi shekaru ina ɗinkawa ina farkewa, har na iya aska, na iya sarƙa, na iya surfani da hannu da kuma na keke.

Doha ba da almakashi na shigo ta ba, da kakin gadi na shigo. Ina tsaron ƙofar wani dogon bene a West Bay, in na tashi aiki sai in zauna ina rage wa abokan aiki wandunansu, domin kakin kamfani kamar da mutum ɗaya aka auna kowa. A nan wani tela ɗan Pakistan, Usta Rafik, ya ga kalmasar da na yi wa wani direba. Shi ma juya ƙafar wandon ya yi ya duba ciki, ya sa aka nemo ni. Da wa'adin aikina ya cika aka daidaita takardu da kafil, wato wanda ya tsaya mini na shigo ƙasar, na koma shagonsa. Kayan aikina tun ran nan ba su canza ba: almakashi babba da ba na ba kowa aro ko da ɗan'uwana ne, tef, alli, dutsen guga, kwalbar man keke, da gwangwanin alewa cike da kwarkwaron zare.

Takunkumi shi ne aikin mummunar shekara. Da korona ta shigo aka kulle unguwar masana'antu da ke maƙwabtaka da mu, shaguna suka rufe, babu biki, babu mai yanka sabon tob, wato jallabiya, na salla. Da aka ɗan sassauta sai ga ni, ni da na koyi aska takwas a Zariya, ina wuni ina haɗa ƙyalle mai faɗin tafin hannu da roba biyu. Abin ya ƙona mini rai ba kaɗan ba. Don kada hannu ya mutu, nakan ɗauki guntun yadi in yi masa sarƙa tun daga wannan baki har wancan, in farke, in sake. Usta Rafik yana kallona yana girgiza kai, ya ɗauka zaman kulle ne ya taɓa ni.

Sai ga gasar ƙwallo ta zo, gari ya haukace, mu ma muka haukace tare da shi. Duk baƙon da ya sauka so yake ya sa tob irin na Larabawa, amma da launin ƙasarsa. Na ɗinka tob kore shar wa 'yan Meksiko, na ɗinka mai ratsin fari da shuɗi wa 'yan Ajantina, na ɗinka rawaya wa wani ƙaton ɗan Brazil da sai da na hau kujera kafin in auna kafaɗarsa. Muna ɗinki muna dariya, rediyo na ihu, Usta na ihu ya fi rediyon. Bayan shekarun takunkumi, ji nake kamar an sake ni daga turke.

Ana cikin wannan hidima, wata rana da hantsi, abokina Yakubu ya shigo. Yakubu direban tasi ne, ɗan Zongon Kumasi, yana zaune a Al Wukair, kuma a Hausarsa komai namiji ne, har uwarsa. Bayansa ga wani dogon tsohon Bature, fuska ja wur saboda zafi, da gajeren wando, da safa a cikin sandal.

"Alaji Haruna, salamu alaikum. Ga baƙo na kawo maka," in ji Yakubu. "Jakan shi ya ɓata a jirgi, shi ma ya kusa ɓata. Tun safe yana kuka a motana."

Tsohon sunansa Otto, muka riƙa ce masa Baba Otto. Da guntun Turancinsa da nawa, Yakubu yana cike gurbi, na fahimci matsalar. A Jamus akwai al'ada: mutanen ƙananan garuruwa in za su kallon wasan ƙasarsu, sukan tafi da tuta mai sunan garinsu su rataya a ƙarfen filin wasa, don 'yan gida su hango a talabijin su san an je da su. Shi da amininsa Hans tun suna samari suke yawo da tasu. Matar Hans, Gisela, ita ta ɗinka ta, kuma ba suna kaɗai ta sa ba, garin gaba ɗaya ta zana da zare. Korona ta ɗauke Hans, aka binne shi da 'yan mutane ƙalilan, Baba Otto daga bayan shingen maƙabarta ya tsaya. Da zai taho Doha, Gisela ta ninke tutar ta ba shi ta ce ya rataya ta sau ɗaya saboda mijinta. Tutar tana cikin jakar da ta ɓata.

Jamus ta riga ta yi wasa biyu, Japan ta doke ta, ta yi kunnen doki da Sifen. Duk bayan wasa Gisela takan kira ta ce ba ta ga tuta ba, shi kuma ya ce kyamara ce ba ta juyo wajensa ba. Saura wasa ɗaya, in aka fitar da su shi ke nan, kuma shi da bakinsa ya ce ƙafafunsa ba za su kai shi wata gasar ba. Abin da yake so, in ɗinka masa irinta sak, yadda Gisela ba za ta gane ba.

Na ce ya nuna mini hoto. Ya buɗe waya, ga tsofaffi biyu sun tsaya gaban tuta suna washe baki. Tumbin marigayi Hans kaɗai ya rufe rabin garin, Baba Otto ya rufe saura. Duk hotunan haka suke. Abin da ake gani sai jelar kogi da kan wani tsauni.

Na share teburin yanka tas, na ce, "Baba, tunda hoto ya ƙi, gina mini garin a nan."

Ya tsaya yana kallona, sai ya miƙa hannu ya zare tef daga wuyana. Ya shimfiɗa shi a tebur, ya lanƙwasa shi a tsakiya kamar gwiwar hannu. Wannan kogin ne, in ji shi, daga duwatsu yake gangarowa, a wannan lanƙwasar garin ya zauna. Ya ɗauki almakashina, wanda ba na ba kowa, ya buɗe shi ya ɗora a kan tef: gada ke nan, ta dutse, mai baka uku. Ya juye gwangwanin kwarkwaro ya jera su gida-gida a hagu da dama. Ya kai hannu zai ɗauki dutsen guga ya yi tsauni da shi, Usta Rafik ya daka tsalle yana ihu da zafi, da zafi! Aka cire wuta, aka jira ya huce, tsauni ya zauna a bayan gari. Kafin a jima tsohon da ya shigo yana sharar hawaye ya koma yana zagaya tebur da sauri yana ba mu umarni, mu uku muna miƙa masa kaya.

Ya kewaye tsakiyar garin da alli. Na ce mene ne wannan? Ya ce katangar da ce, ta kare gari daga mahara.

"Ganuwa!" na ce. "Ashe ku ma kuna da ganuwa. Ƙofa nawa?"

Ya ce da can huɗu ne, yanzu saura ɗaya, ita ma motar kaya ba ta iya wucewa sai ta zagaya. Yakubu ya leƙo ya ce, "Alaji, gari nan duka bai kai rabin Zongo ba, amma ji yadda yake faɗin shi kamar Makka."

Kwalbar man keke ita ce hasumiyar coci. Ya tsayar da ita, sai ya cusa guntun alli a ƙarƙashin gefe ɗaya ta karkace. Na miƙa hannu zan gyara, ya buge mini hannu. Ya ce haka take, a karkace, kuma dalilin karkacewar shi ne dalilin garin kansa. Ƙasan wurin gishiri ne. Kakanninsu sun ce wani aladen daji ne ya tone gonar wani manomi a bakin kogin, ruwa ya ɓuɓɓugo, shanu suka yi ta rububin lasar wurin, aka ɗanɗana aka ji gishiri. Daga nan aka fara dafa ruwan ana fitar da gishiri, fatake suka riƙa zuwa da keken doki, aka gina gada, masu gari suka zauna a bakinta suna karɓar kuɗin fito. An yi ta janye ruwan gishirin daga ƙasa har ƙasar ta zauna ta gefe ɗaya, hasumiya ta bi ta. Ni da na taso ina jin labarin ayarin gishiri daga bakin tsofaffi, ban san lokacin da na ja kujera na zauna ba.

Bai tsaya nan ba. Ya nuna mini unguwar da gobara ta taɓa cinyewa, shi ya sa gidajenta na dutse ne, na tsallaken kogi kuwa na katako. Ya ɗora maɓalli a tsakiyar kasuwa, ya ce ginshiƙi ne da waɗanda suka tsira daga wata tsohuwar annoba suka kafa bayan wani dogon yaƙi. Ya ce yana wuce shi tun yana yaro bai taɓa tsayawa ya karanta rubutun jikinsa ba sai shekarar da Hans ya rasu. Na tambaye shi tashar jirgin ƙasa. Ya ɗauki ƙaramin kwarkwaro ya tafi da shi can ƙarshen tebur, kusa da kofin shayin Usta. Wai da za a kawo layin dogo dattawan gari suka ƙi, suka ce hayaƙi zai ɓata nonon shanunsu, sai aka kai tashar cikin gonaki. Har yau duk mai tafiya sai ya yi doguwar tafiya a ƙasa yana tsine wa kakansa. Yakubu ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Sai ya ja layin alli daga gada ya haura ta gefen dutsen guga, ya tsaya. Ya ce nan hanyar take ƙarewa lokacin da suke samari, domin a bayan tsaunin nan aka ja wayar da ta raba Jamus biyu. Ƙauyen da ke bayan tsaunin ana jin ƙararrawarsu, amma ba a zuwa. Gisela ta ɗinka hanyar ta tsaya cak a gindin tsauni. Da aka cire wayar, ta ɗauko tutar ta ƙarasa hanyar har bakin yadi, amma zaren farko ya ƙare a kasuwa, sai ta yi da wani mai ɗan haske. Ya ce kowa a garin ya san wurin da zaren ya canza.

Nan na ajiye allina. Na ce, "Baba, matar nan tela ce?"

Ya ce duk rigar amaryar da aka sa a garin, da duk labulen da ke tagoginsu, ita ce.

"To ba za ka ruɗe ta ba. Ko daga talabijin, ko tutar ta wuce kamar walƙiya, za ta san ba hannunta ba ne. In na kwaikwaye ta, abu biyu za ta gani: ka ɓatar mata da tuta, kuma ka haɗa kai da wani tela kun raina mata hankali."

Ya zauna a kan buhun yadi, duk kuzarin nan ya zube. Ya ce ba zai iya buɗe baki ya faɗa mata ba. Na tausaya masa ƙwarai. Na ce to ya bari tutar ta faɗa mata. Zan ɗinka garin kamar yadda ya gina shi a teburin nan, ba zan rage ko gida ɗaya ba, amma da hannuna zan yi, hannun Zariya, yadda da gani ɗaya za ta san ba wanda ya yi niyyar yi mata wayo. Ya daɗe yana kallon almakashin da ke kan tef, sannan ya ce, "Yalla." Wato mu je, da Larabci; a motar Yakubu ya koyi kalmar.

Saura abu biyu da hoton bai nuna ba. Na farko wani benci a gindin gada, da mutum biyu a zaune suna kamun kifi, shi da Hans ke nan. Na biyu tambarin gari a kusurwar sama, wato aladen da ya tono gishiri. Usta Rafik na jin haka ya dafe kai.

"Haruna, haram! A shagona?"

"Usta, ba soya shi zan yi ba, ɗinka shi zan yi."

Ya yi ta gunguni cikin harshensu, daga baya ya ce khalas, wato shi ke nan, amma kada in yi a kusa da dardumar salla. Baba Otto ya nemo mini tambarin a waya. Na duba, na sake dubawa. Wata baƙar dabba ce siririya, jela a nannaɗe, ta ɗaga ƙafa ɗaya kamar tana jiran a ba ta magani. Ni a bakin Falgore aka haife ni. Mugun dawa, aladen dajinmu, ya cinye mana dankali, ya cinye rogo, ya taɓa kora ni kan bishiyar kanya na wuni a sama. Na san yadda dabbar da ke tone gona take: ƙirji faɗi, haƙora biyu sun murɗe sama, in ta zabura jelarta tsaye take cak kamar eriyar mota. Wannan ta cikin waya ko kunyar gyaɗa ba za ta iya tonewa ba, balle ta kafa gari. Ban ce wa Baba Otto komai ba, na dai ce ya tafi ya huta.

Farin yadi mai kauri na zaɓa, Yakubu ya tambayo mana girman da ake bari a shiga da shi fili, na yanka daidai. Garin yana nan a kan tebur ban bari kowa ya taɓa ba, a ƙasa na durƙusa na yi yankan da ƙaramin almakashi, Usta yana aunawa da tef ɗinsa yana mita. Na zana da alli, na bi da keke inda keke zai iya, sauran da hannu. Kogin da sarƙa na yi shi. Na kira Baba Otto na tambaye shi launin ruwan, ya ce shuɗi. Na ce tsakaninka da Allah. Sai ya ce a tuta shuɗi ne, a ido kuwa kalar shayi ne. Sai na yi shuɗi na ratsa masa zare ruwan ƙasa a tsakiya. Hasumiyar ce ta fi ba ni wuya. Hannun da aka yi shekaru ana horarwa ya miƙe layi, ka ce masa ya karkace da gangan, ƙi yake. Na farke ta ya fi a ƙirga, kuma duk sanda Usta ya wuce sai ya ce, "Haruna, ginin nan ya karkace." Hanyar bayan tsauni na canza mata zare a daidai wurin da aka ce. Bakin tutar na kewaye shi da baƙi da ja da rawaya, na ɗaura dagi irin namu a kowace kusurwa. Sannan na zauna na yi wa mugun dawa aiki da dukkan zuciyata, har ƙurajen fuskarsa ban bari ba.

Ranar wasan da safe suka zo karɓa. Na warware tutar a kan tebur. Baba Otto ya bi kogin da yatsa, ya haye gada, ya sami gidansa, ya sami gidan Hans, ya ga hasumiya a karkace ya yi tafi. Sai idonsa ya kai kusurwar sama. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wannan ba aladenmu ba ne," in ji shi.

"Naku ne, Baba. Cin rani ya je ƙasarmu, ya ci ya ƙoshi."

Da Yakubu ya fassara masa, tsohon nan ya fashe da dariya har ya zame daga kan buhun yadi, hawaye na zuba, yana nuna jelar yana kasa magana. Da ya lafa sai ya lura da bencin gindin gada. Na ɗinka bencin, na ɗinka sandunan kamun kifi biyu a jingine, amma ba kowa a kai.

"Ina mutanen?"

Na ce, "Ba ni zan zaunar da su ba."

Ya ninke tutar a hankali, ya rungume ta a ƙirji, wannan karon bai yarda ta shiga jaka ba.

Kun san yadda wasan ya ƙare. Jamus ta ci Kosta Rika, amma duk da haka aka fitar da ita. Washegari duk Bajamushen da ka gani a gari fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Ban da ɗaya. Da hantsi muka ji hon, sai ga Baba Otto ya fito daga motar Yakubu yana rawa, rawar da ban taɓa ganin irinta ba, gwiwa na zuwa har ƙirji, safa na zamewa. Kyamara ta kama tutar. Ɗan lokaci kaɗan ne, amma ta tsaya a kanta, kuma na tabbata jelar nan ce ta tsayar da ita. Mutanen garin sun taru a zauren taronsu suna kallo, wai ihun da suka yi ya fi na cin ƙwallo. Saƙonni sun cika masa waya, rabin gari na cewa a kori wanda ya ɓata musu tambari, rabi na cewa a canza tambarin ya koma haka.

Muna cikin shewa wayar ta yi ƙara. Ya duba, rawa ta tsaya. Gisela ce, kiran bidiyo.

Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, farin gashi, tabarau a rataye da sarƙa. Ta yi masa magana a taƙaice, kunnuwansa suka yi ja. Ya juyo ya ce mana wai ta ce tun wasan farko ta san tutar ta ɓata, domin tun suna makaranta bai iya ƙarya ba. Sannan ta ce a ba ta telan.

Na karɓi wayar na gaishe ta. Ta amsa da kai, ta sa tabarau, ta yi wata alama da hannu. Ban jira fassara ba, na san alamar. Na juya tutar ciki waje na shimfiɗa, na riƙa bi da wayar a hankali, daga kogi zuwa gada, daga gada zuwa hasumiya. Ta matso da fuskarta har hancinta ya cika gilashin. Wallahi gumi ne ya karyo mini, na koma ɗan koyo a gaban Malam Tanimu, ina jiran a miƙo reza. Ba ƙulli, ba zare mai reto, na sani, amma ban saki jiki ba sai da ta ɗago ta faɗi kalma ɗaya. Baba Otto ya ce ma'anarta tsaf. Daɗin da na ji ran nan ban ji shi ba ko ranar da aka yaye ni.

Ta tambayi jelar. Na ba ta labarin dankalinmu da bishiyar kanya, Yakubu na juyawa zuwa Turanci, Baba Otto na juyawa zuwa Jamusanci, Allah kaɗai ya san abin da ya isa kunnenta. Ta yi dariya ta ce Hans ya sha faɗin aladen tambarinsu kamar mai ciwon ciki yake. Sai ta ce a juyo gaban, a kai ta gindin gada. Na kai ta. Ta daɗe tana kallon bencin, har Usta ya kashe rediyo.

Can ta yi tambaya, Baba Otto ya fassara da murya ƙasa-ƙasa: "Wai ka rage mata zare?"

Na buɗe gwangwanin alewa na fito da kwarkwaro huɗu da na riga na naɗe tun ranar da na gama, kowane launi da na yi aiki da shi a wajen gadar, na nuna mata, na miƙa wa Baba Otto ya kai mata. Matar da ta taɓa neman zare a kasuwa ta rasa, ba zan bari ta sake nema ba. Ta cire tabarau ta ajiye, ta ɗaga mini hannu, ta kashe wayar.

Jakar Baba Otto ta bayyana daga baya, bayan ya koma gida. Tsohuwar tutar tana ɗakin Gisela, tawa kuwa tana rataye a zauren taron garin, kuma na ji har yanzu ba a gama gardamar jelar ba. Bayan 'yan watanni Yakubu ya shigo shago yana ɗaga waya, ya ce, "Alaji, mata nan ya aiko maka saƙo." Hoto biyu ne. A na farko bencin ya sami mutanensa, dogo ɗaya, mai tumbi ɗaya, zarena ne amma hannunta ne, kowane tela zai gane inda na tsaya da inda ta ɗora. Na biyun bayan tutar ne, daidai gindin gada. Ta san wanda zan fara dubawa.